OCT mai TD ko mai SD: wacce za a saya?

Dakta, tsakanin tsohuwar OCT (na'urar ɗaukar hoton shimfiɗun cikin ido) mai TD (time-domain, fasahar farko) da aka yi maka tayinta da araha da kuma mai SD (spectral-domain, fasahar da ta biyo bayanta), ɗauki SD, ko da sai ka ƙara wata uku kana tari.

Tawa SD ce, ta hannu na saya, kuma ta fitar da ni kunya. Kwanaki wani dattijo mai goro ya zo daga Agege, yanar ido ta fara rufe masa gani, ga zargin hawan jinin ido. Hoton farko ya fito tsaki-tsaki kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta goce, don yanar tana tare haske. Na ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, na ce Baba ƙifta sau biyu ka tsaya cak. Na'urar ta ɗauki wuri guda sau da yawa ta haɗe, tsakin ya lafa, manhajar ta ja layinta daidai kan shimfiɗar jijiyoyin retina (fatar da ke karɓar haske a can cikin ido), kaurin ya fito. Gudu ne sirrin. SD tana ɗaukar layi sama da 20,000 a daƙiƙa, TD kuwa 400, kafin ta gama ido ya motsa. Wajen kaifi ma, SD tana rarrabe abu mai kaurin maikiron 5 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), waccan kusan 10.

TD na taɓa mallaka. Tana nuna kumburi idan ya yi yawa, iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Amma ko SD ɗin kada ka sakar mata ragama. Idan sigina ya yi rauni, ko mutum yana da tsananin rashin ganin nesa, layin yakan kauce, manhajar ta shafa wa lafiyayyen ido ja, alamar cuta. Ni sai na buɗe ainihin hoton na bi layin da idona, saboda haka ka tabbata wadda za ka saya tana bari a gyara layi da hannu.

Sai 'yan tokunbo na Ikko. Za su gwada maka da idon yaron shagonsu, tas kamar ruwan rijiya. Ka je da mai yana, a ɗauka a gabanka. Ka karɓi lasisin manhaja da kalmar sirrin kwamfutar kafin ka tura ko sisi, wasu sai an kai na'ura gida su ce wannan kuɗinsa daban. Ka ware na UPS ma, ka san halin wutarmu.