Kwalejin Gwamnatin Tarayya: Shin Har Yanzu Tana Koya wa Yara Zama da Juna?

Ɗana ya kammala karatunsa a ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnatin tarayya da ke arewa maso yamma, irin waɗanda ake kira makarantun haɗin kai, kuma iyaye da dama sun tambaye ni ko ya dace su kai nasu 'ya'yan. Wannan sharhi bai shafi sakamakon jarrabawa ba, domin akwai makarantun kuɗi da suka fi ta a wannan fanni. Abin da na duba shi ne aikin da aka kafa ta dominsa, wato koya wa yaro zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, cikin mutunta juna.

An buɗe ukun farko a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, sa'an nan bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara yawansu daga 1973, shekarar da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, kuma manufar duka biyun ɗaya ce. A yau adadinsu ya haura 100, har da na 'yan mata zalla kamar na Bakori da Kazaure da Minjibir. Buƙatarsu ta ƙaru a wurinmu tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, domin unguwanni sun rabu bisa addini, makarantun jiha na jeka-ka-dawo kuma sun bi sahun unguwanninsu, har ya zama yaro zai iya gama sakandare bai taɓa raba benci da ɗan wani addini ba.

Inda makarantar ta fi cancantar yabo shi ne ɗakin kwana. Ba a barin yaro ya zaɓi gidan da zai zauna ko gadon da zai kwanta, hukuma ce take rarraba su, saboda haka ɗan Zazzau yakan tsinci kansa a gadon ƙasa, ɗan Bajju ko Tibi ko Ibo yana samansa, suna layin ruwa tare da asuba, suna shara tare, ana hukunta su tare idan ɗakin bai yi tsabta ba. A nan ne ɗana ya koyi abubuwan da babu malamin da ya tsaya ya koya masa: ya san lokacin da abokinsa yake addu'ar safe don kada ya dame shi, abokin kuma ya san ba a gittawa gaban mai salla. A watan azumi ɗakin girki yana tanadar sahur da buɗa-baki, kuma ɗana ya ba ni labarin cewa yaran Kirista ne suke tsare wa masu azumi wuri a teburi idan sun makara a masallaci. Gasar wasanni tsakanin gidaje ita ma tana yin aiki fiye da yadda ake zato, domin da zarar an busa usur, gidan yaro ne danginsa, ba ƙabilarsa ba. Masallaci da majami'a suna cikin harabar makarantar, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da ta Kirista ta FCS kowacce tana da lokacinta, kuma ban taɓa jin an tilasta wa yaro halartar ibadar da ba tasa ba.

A cikin aji ne labarin ya sauya. Darasin Sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa nagari, wanda ya kamata ya ɗauki nauyin wannan tarbiyya, yana da babi a kan dangantaka tsakanin al'ummomi da hanyoyin sasanta rikici, amma da na duba littafin rubutun ɗana, abin da na tarar jerin ma'anoni ne da aka kwafa daga allo don a haddace a zuba a takardar WAEC. Yaro zai iya kawo amfanin haƙuri da juna guda biyar ya ci maki cikakke, alhali ba a taɓa tambayarsa abin da ya ji ana faɗa a gidansu game da Kirista ko game da Fulani ba. Ba a ambaton Kafanchan ta 1987, wadda rikicinta ya faro daga kwalejin horar da malamai, ba a ambaton Zangon Kataf ta 1992, ko da yake a cikin ajin akwai yaran da iyayensu suka rasa gidaje a irin waɗannan tarzoma, ta kowane ɓangare. Na fahimci tsoron malamai, domin ba a horar da su jagorantar irin wannan tattaunawa ba, kuma kalma ɗaya da aka juya za ta iya tayar da makaranta. Sai dai shirun bai hana yaran yin maganar ba, suna yin ta da dare bayan an kashe fitila, inda babu babba da zai gyara musu abin da suka ɗauko a Facebook.

Haka nan idan lokacin darasin addini ya yi, ajin yakan rabu biyu, kowane rukuni ya bi malaminsa. Ba na goyon bayan a cakuɗa darussan biyu, kuma ce-ce-ku-cen da aka yi a 2017 kan haɗa su ƙarƙashin darasi guda ya nuna iyaye ba za su amince ba. Amma da za a ware ko da zama ɗaya a zango inda malaman biyu za su tsaya tare gaban yara su amsa tambayoyi, da an rufe wani babban giɓi. Ranar al'adu, wadda makarantar take alfahari da ita, ado ne da rawa da hotuna, ba ta wuce nan.

Akwai kuma batun da hukumar makarantar ta bari ya zama gyambo. Ana shiga waɗannan kwalejoji ta jarrabawar da NECO take shiryawa, ana ba da kashi 60 na gurabe bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma bisa larura, shi ya sa makin shiga yake bambanta daga jiha zuwa jiha. Yaran sun san da haka, kuma wasu suna yi wa 'yan arewa gori da shi, ko da yaron da ƙoƙarinsa ya shigo. Ban ga an taɓa zaunar da su an bayyana musu dalilin tsarin ba. Cin zalin da siniyoyi suke yi wa ƙanana ma yana nan, ko da yake, in an yi adalci, ba ya bin layin addini ko ƙabila.

Abin da ya fi damuna shi ne cakuɗuwar kanta tana raguwa. Tun bayan kisan ɗalibai a kwalejin Buni Yadi a Fabrairun 2014 da sace na Birnin Yawuri a Yunin 2021, iyaye daga kudu sun daina turo 'ya'yansu nesa, mu ma ba ma tura namu, kuma ba zan ga laifin kowa ba. A ajin ɗana, yawancin waɗanda ba Hausawa ba 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa mazauna garin, waɗanda suke jin Hausa kamar jakin Kano. Wannan ma riba ce, amma ba ita ce haɗa ɗan Kalaba da ɗan Gumel da aka yi niyya tun farko ba. Ga kuma kuɗi: a 2023 an ɗaga abin da sabon ɗalibi yake biya daga naira dubu 45 zuwa dubu 100, ban da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da guzurin da dole a kai ranar ziyara, saboda abincin bai cika ƙosar da yaro ba.

Duk da haka zan ba wa uban da yake da hali shawarar ya kai ɗansa, da sharaɗin ya sa shi a kwana, domin ɗan jeka-ka-dawo ba ya samun mafi yawan abin da na yaba. Kafin ya biya, ya nemi a faɗa masa jihohi nawa ne suke da ɗalibai a ajin farko na bana, ya zagaya ya ga katanga da masu gadi da idonsa, sa'an nan ya nemi ganawa da malamin da yake kula da gidan da za a sa yaron, ya ji ko a harabar yake kwana.