Sharhi kan Big Ten Plus: Abin da Kuɗina Suka Saya a Kakar Ƙwallon Ragar Matan Nebraska ta 2023

Dalilin da ya sa na yi rajista da Big Ten Plus, manhajar kallon wasanni ta intanet, shi ne ɗiyata, wadda ke buga ƙwallon raga a makarantarsu ta sakandare a nan Amurka, kuma ta daɗe tana roƙona in nemo mata hanyar da za ta riƙa kallon ƙungiyar mata ta Jami'ar Nebraska. Ba mu da talabijin mai tashoshin kuɗi a gida, tikitin shiga filin kuwa abu ne da ko mazauna birnin Lincoln, inda jami'ar take, ke shan wahalar samu, domin tun shekarar 2001 babu wasan gida na kakar yau da kullum da aka yi ba tare da an sayar da kujerun gaba ɗaya ba. Saboda haka a watan Agusta na 2023 na biya kuɗin wata na farko, muka ɗora manhajar a talabijin ɗin falo, muka kuma bi wannan ƙungiya har zuwa tsakiyar Disamba. Abin da zan faɗa a nan ya dogara ne kan waɗannan watanni.

Ya kamata mai saye ya fara sanin bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu masu kama da juna a suna. Big Ten Network tashar talabijin ce da aka buɗe a 2007, haɗin gwiwa tsakanin kamfanin Fox da gamayyar jami'o'in Big Ten, wadda Nebraska ta shiga a 2011. Big Ten Plus kuwa reshenta ne na intanet, kuma aikinsa shi ne nuna wasannin da tashar ba ta ɗauka ba, kai tsaye, sannan ya ajiye maimaicin waɗanda tashar ta nuna domin a kalla daga baya. Wannan tsari ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake ga duk wanda ya karanta kafin ya biya, amma shi ne tushen duk wani yabo ko ƙorafi da za a yi wa wannan hidima. Idan wasa ya yi girman da kowa ke son gani, tashar talabijin ce ke ɗaukarsa, mai Big Ten Plus kuma sai ya jira maimaici.

An ga hakan tun a makon farko. Ranar 30 ga Agusta, 2023, Nebraska ta kara da Jami'ar Omaha a filin Memorial Stadium, inda aka saba buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, aka shimfiɗa dandamalin ƙwallon raga a sarari ƙarƙashin sama. Mutum 92,003 ne suka halarta, adadin da ya zarce mutum 91,648 da suka kalli matan Barcelona da na Wolfsburg a Camp Nou a watan Afrilu na 2022, ya kuma zama taro mafi girma da aka tabbatar a wasan mata. Nebraska ta ci zagaye uku a jere. Wannan rana ba ta cikin abin da rajistata ta ba ni kai tsaye, don haka gidan wani abokin aikina mai tashoshin kuɗi muka je muka kalla. Na ambaci wannan da wuri ne domin kada wani ya ji labarin irin wannan taro, ya biya kuɗi yana tsammanin abin da ba a yi masa alkawari ba.

Amfanin hidimar ya bayyana ne a sauran ranakun, waɗanda jaridu ba su cika damuwa da su ba. Ƙungiyar da koci John Cook ya fito da ita a wannan shekara ba ta da ɗaliba ko ɗaya 'yar ajin ƙarshe. Mai raba ƙwallo, wato wadda kusan kowane hari ke bi ta hannunta, ita ce Bergen Reilly, kuma shekararta ta farko ke nan a jami'a. Haka ma Harper Murray da ke kai hari daga gefen hagu, da Andi Jackson da ke tsakiyar raga. Merritt Beason ta zo ne daga Jami'ar Florida a wannan shekara, aka kuma ba ta jagoranci tare da Lexi Rodriguez, libero mai sanye da riga ta daban wadda aikinta tsaron baya ne. Ƙungiya irin wannan ba a gane ta da wasa ɗaya. Sai mutum ya bi ta mako bayan mako ne zai ga yadda mai raba ƙwallo ke koyon tsayin da kowace mai hari ke so, da lokacin da za ta amince ta jefa ƙwallo da sauri zuwa tsakiya, da lokacin da za ta koma ga wadda ta fi ƙwarewa idan maki ya yi zafi. Waɗannan abubuwa a wasannin da ba su da suna ake ganinsu, kuma irin waɗannan wasanni ne Big Ten Plus ke kawowa.

A ganina maimaici shi ne kaso mafi daraja a cikin abin da aka sayar mini, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ƙwallon raga wasa ne mai sauri ƙwarai, idon mai kallo kuma kan bi ƙwallo ne kawai, sai ya ga dukan ƙarshe ya yi tafi, bai ga abin da ya haifar da shi ba. Da yake ana iya tsayar da hoto a mayar da shi baya, ni da ɗiyata muka ɗauki al'adar kallon zagaye ɗaya sau biyu: na farko muna bin ƙwallo kamar kowa, na biyu kuma muna kallon 'yar wasa ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Da muka yi wa Rodriguez irin wannan kallo, sai muka ga cewa yawancin ƙwallayen da take tarewa ba da tsalle ko faɗuwa take tare su ba. Tana isa wurin ne tun kafin a doka, domin tana karanta kafaɗar mai hari da kuma ratar da masu tarewa a raga suka bari. Ɗiyata ta ce kocinsu ya daɗe yana gaya musu haka, amma ba ta taɓa ganinsa da idonta ba sai a lokacin. Babu littafin koyarwa da zai iya yi mata wannan aiki, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin watannin.

Ta wannan hanya kuma muka fahimci dokokin da wasan jami'o'in Amurka ya bambanta da na ƙasa da ƙasa. Fili ɗaya ne, mita 18 a tsawo da mita 9 a faɗi, tsayin ragar mata kuma mita 2.24, ana cin zagaye da maki 25, zagaye na biyar da maki 15, kuma dole a sami ratar maki biyu. Amma a jami'a a 2023 an yarda koci ya yi canji har sau 15 a zagaye ɗaya, alhali dokar duniya a lokacin shida ce, sannan libero na iya buga sabis a gurbi ɗaya. Wanda ya saba da ƙwallon raga irin wadda muka buga a makarantun kwana a gida zai yi mamakin yawan shiga da fita, sai ya lura cewa dokar ce ke ba gajeriyar 'yar wasa mai iya tsaron baya damar samun gurbi, doguwa kuma ta huta idan juyi ya kai ta baya.

Ingancin ɗaukar hoto ba iri ɗaya ba ne daga wasa zuwa wasa, kuma akwai dalili. Wasanni da yawa ɗalibai ne ke ɗaukarsu ƙarƙashin shirin da ake kira Student U, su ne a kan kyamara, su ne masu sharhi, wasu wasannin gida na Nebraska kuwa tashar gwamnatin jihar, Nebraska Public Media, ke shiryawa. Shirin ɗalibai ba shi da yawan kyamarori kamar na babbar tasha, sharhin kuma na masu koyo ne. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin aibi babba ba, domin kyamara ɗaya da ke tsaye daga sama tana nuna fili duka ta fi amfani ga mai son koyon wasa fiye da wadda ke yawan kusanto fuskoki. Akwai kuma wani abu mai kyau a ce ɗalibai na buga wasa, ɗalibai 'yan uwansu na koyon sana'a a kansu. Sau biyu ko uku hoton ya tsaya mana a tsakiyar wasa, amma da na bincika sai na tarar matsalar daga layin intanet ɗin gidana take, bayan an gyara kuma ba mu sake gani ba.

Ga wasannin da sai washegari ake samun maimaicinsu, mun sami mafita wadda duk Bahaushe zai gane daɗinta, wato rediyo. Ana iya sauraren sharhin wasannin Nebraska kyauta ta intanet, inda John Baylor, wanda ya shafe shekaru da dama yana wannan aiki, ke gabatarwa tare da Lauren Cook West, ɗiyar kocin wadda ita ma ta taɓa raba ƙwallo a ƙungiyar. Haka muka yi ranar 21 ga Oktoba, da ƙungiyar Jami'ar Wisconsin ta zo Lincoln tana ta ɗaya a ƙasar, Nebraska tana ta biyu, kuma babu wadda aka taɓa dokewa a kakar. Kafin wannan dare Wisconsin ta ci Nebraska sau goma a jere. Muna zaune a ɗakin girki muna saurare aka kai zagaye na biyar, kuma makin ƙarshe bai fito ba sai da Cook ya nemi a duba bidiyo, aka ga 'yar Wisconsin ta taɓa raga, aka tashi 15 da 13. Washegari muka zauna muka kalli wasan daga farko, mun riga mun san sakamako, hankalinmu a kwance, muka ga yadda Murray, yarinyar da shekarar da ta gabata take sakandare, ta riƙa karɓar ƙwallo a lokacin da ya fi kowane nauyi ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Kunne ya ji daren jiya, ido ya gani da safe, kuma ban ji an rage mini komai ba.

Nebraska ta ci wasanni 27 a jere kafin Wisconsin ta rama a birnin Madison ranar 24 ga Nuwamba, zagaye uku babu ko ɗaya. Duk da haka ita ce ta ɗauki kofin Big Ten, da nasara 19 da rashin nasara ɗaya. Wata fa'ida da ban yi tsammani ba ita ce rajistar ta ba mu damar leƙa abokan hamayya kafin su zo, domin wasannin sauran jami'o'in gamayyar, waɗanda a lokacin 14 ne kafin su zama 18 a 2024, suna cikin manhajar. Ɗiyata ta kan kalli Purdue ko Minnesota ko Penn State a tsakiyar mako, ranar wasa kuma ta riƙa faɗa mini wadda za a fi jefa wa ƙwallo.

Da Disamba ta kama, aikin Big Ten Plus a wannan kaka ya ƙare. Gasar cin kofin ƙasa mai ƙungiyoyi 64 ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana hannun tashar wasanni ta ESPN ne, don haka duk wanda ya bi ƙungiyarsa wata uku ta wannan manhaja sai ya nemi wata hanya a daidai lokacin da zuciyarsa ta fi ɗaurewa da ita. Wannan shi ne gibi mafi girma, kuma ko da yake ya samo asali ne daga yadda aka raba haƙƙin nuna wasanni, mai saye ya sa shi cikin lissafinsa tun farko. Nebraska ta kai birnin Tampa, inda aka buga wasannin ƙarshe na gasar, ta doke Pittsburgh a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta haɗu da Texas ranar 17 ga Disamba. Tashar ABC ce ta nuna wasan, karo na farko da aka yi haka, kuma da eriya kawai muka kama shi.

Texas ta ci 25 da 22, 25 da 14, 25 da 11. Ta buga sabis 12 da suka zama maki kai tsaye, huɗu daga ciki a jere daga hannun Asjia O'Neal a zagaye na biyu, aka kuma zaɓi 'yar wasanta Madisen Skinner gwarzuwar gasar. Abin ya yi mana ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma watannin da muka shafe muna mayar da hoto baya sun sa mun gane abin da ke faruwa tun yana faruwa: idan taɓawar farko ba ta kai ƙwallo kusa da raga ba, Reilly ba ta da damar amfani da tsakiya, sai ta tura gefe inda masu tarewa biyu ke jira, kuma duk saurin da ƙungiyar ta gina tun Agusta sai ya zama ba shi da wurin fita. Ɗiyata ce ta fara faɗin haka, tun kafin masu sharhi su faɗa. Kakar ta ƙare da nasara 33 da rashin nasara biyu, kofin ƙasa na shida kuma bai samu ba bayan na 1995, 2000, 2006, 2015 da 2017.

Hukuncina shi ne Big Ten Plus ya dace da 'yar wasa mai tasowa, da iyayenta, da kocin ƙaramar ƙungiya, da duk wanda ke son ya san 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya har ya iya hasashen abin da za su yi. Wanda burinsa manyan ranaku ne kawai, irin na Memorial Stadium da karawa da Wisconsin da Tampa, gara ya nemi tashar talabijin, domin a nan zai riƙa zuwa a makare. Shawarata ga mai son ƙwallon raga kaɗai ita ce ya biya wata-wata daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, ya duba jadawalin ƙungiyarsa kafin ya biya domin ya ga wasanni nawa ne za su zo masa kai tsaye, ya kuma haɗa da rediyo. Haka na yi a kakar da ta biyo baya, wadda ta zama ta ƙarshe ga John Cook kafin ya yi ritaya a Janairun 2025, tsohuwar 'yar wasansa Dani Busboom Kelly ta gaje shi.