Jami'ar gwamnati a Faransa da ta gida: lissafin kuɗi da takardu

Assalamu alaikum iyaye da ƙanne na Garwa, Marwa da Ngaundare. Ga bayanin da kuke yawan nema kan karatu a nan Faransa.

Tsarin karatun ɗaya ne da na jami'ar Ngaundare da ke Dang ko na Marwa: lisans shekara 3, masta shekara 2, kowane zango kiredi 30. Bambancin a aljihu yake. A gida Kamaru ɗalibi na biyan sefa jaka 50 a shekara. A nan ma gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, amma tun 2019 aka ware wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗinsu daban: a lokacin yuro 2,770 na lisans, 3,770 na masta, kuma yana ɗan ƙaruwa. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato lisans ya haura miliyan ɗaya da jaka 800. Wasu jami'o'in na yin rangwame, sai a tambaya a rubuce kafin a karɓi gurbi. Akwai kuma CVEC, wato kuɗin hidimar rayuwar ɗalibai, kusan yuro 100, wanda sai da rasidinsa ake rajista.

Abinci ba shi ne damuwa ba. Kantin CROUS, hukumar da ke kula da abinci da ɗakunan ɗalibai, na ba da cikakken faranti da araha (a 2024 yuro 3.30 ne), sai dai musulmi ya duba nama, ko ya tsaya kan kifi. Laburare kuwa har dare, da intanet da ɗumi, ba a ɗauke wuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaki. A Dang mutum ya ga mai mini-site, wato gidan hayar ɗalibai, ku yi ciniki, ya shiga. A nan mai gida sai ya ga wanda zai tsaya maka, mai albashi a Faransa, ga kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu. Wanda ba shi da kowa ya nemi Visale, tsarin da ke tsaya wa mai haya, kyauta ce, amma a cike ta kafin sa hannu kan takardar haya, bayan haka ba ta aiki. Ɗakunan CROUS sun fi araha, sai dai ba sa isa, Paris kuwa kada ma a sa rai. Kuɗin wata da ake nunawa wajen neman biza (yuro 615 a 2024), a manyan birane haya kaɗai kan cinye shi.

Kuskure biyu ke kayar da yara. Na farko, rashin tabbatar da biza ta intanet cikin wata 3 da sauka, sai zaman mutum ya zama ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu, dogaro da aiki: doka ta ba ɗalibi awa 964 a shekara, wanda ya cika su da aikin dare yakan faɗi jarrabawa, kuma wajen sabunta takardar zama sakamakon karatu suke dubawa. Neman gurbi ta Campus France ake yi, ana farawa kusan shekara guda kafin tafiya.