Hattara da masu cewa "altaneta ta mutu": ku ga lamba a mita kafin ku biya

Akwai wata damfara da ta yi yawa a wurin wasu masu wayarin na bakin titi, kuma masu Honda da motocin zamani ta fi cinyewa. Mota ta yi nauyin tashi da safe, ka kai ta, a ɗora mitar auna wuta a kan batir injin yana silo, a juyo maka da ita ka ga 12.7, a girgiza kai a ce, "Alhaji, altaneta ta daina caji, sai an sauya." Altaneta ita ce na'urar da ke yi wa batir caji idan inji yana aiki. Kafin ka yi magana yaron shago ya tafi kawo 'yar Beljiyam. Taka ta asali, wadda lafiyarta ƙalau, an tura ta ƙarƙashin benci. Gobe a wanke ta da fetur, a fesa mata fenti, a sayar wa wani. Masu wayarin na kirki suna nan da yawa, kuma wannan ɗabi'a tana ɓata musu suna, shi ya sa muke son kowane mai mota ya san lambobin da kansa.

Batir mai volt 12 da ya cika, idan mota ta kwana a kashe, yana nuna kamar 12.6. Idan ya nuna 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Kada a auna da zarar an kashe mota, domin a lokacin lambar tana hawa sama da gaskiyarta. A kunna fitilun gaba na minti ɗaya, a kashe, a ɗan jira, sannan a auna. Lokacin da ake kik, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan ya faɗi, batir ne ya gaji ko kuma ba shi da caji. Injin yana aiki, abin da aka saba gani shi ne 13.8 zuwa 14.5. A zafin bazara, bayan doguwar tafiya, 13.5 ma ba matsala ba ce, don ragileta, wato na'urar da ke daidaita wutar altaneta, tana rage caji da kanta idan ta ɗauki zafi. Manyan motoci masu batir biyu a jere sai a ninka lissafin.

To ina 12.7 ɗin ya fito? Nan ne bakin zaren. Honda, tun shekarun 1990, tana da wata na'ura a cikin akwatin fiyus na ƙarƙashin bonet da ke auna yawan wutar da mota ke sha. Idan batir ya cika, fitila da esi a kashe, kwamfutar mota tana umartar altaneta ta sassauta don a rage shan mai, sai mita ta nuna tsakanin 12.4 da 12.9. Haka aka ƙera ta. Motoci da yawa na baya-bayan nan, na Ford da Toyota da sauransu, suna da irin wannan tsari na caji bisa buƙata. Mai damfara ya san haka sarai, shi ya sa yake aunawa fitila da esi a kashe. Gwajin da ke tona asiri ba ya cin minti biyu: a bar mita a kan batir, a kunna fitilun gaba da esi da fanka, a taka totur allurar juyin inji ta kai 2000. Altaneta mai lafiya za ta haura 13.5, sau da yawa ta kai 14 da ɗoriya, ta tsaya a nan. Wadda ta mutu da gaske, lambar sauka za ta yi ta yi, 12.3, 12.1, fitila tana dusashewa a gaban idonka.

Dabara ta biyu ita ce cire kan batir injin yana aiki, wai idan mota ta mutu to altaneta ce. Kada ka yarda a yi maka wannan ko kyauta ne. Batir ne ke shanye hawa da saukar wuta. Da an zare shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona dayod ɗin cikin altaneta, ko ragileta, ko kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya fi na altaneta. Kuma gwajin ba ya tabbatar da komai, domin altaneta mai rauni ma tana iya riƙe inji a silo.

Ko caji ya yi ƙasa da gaske, ba lallai ne a sauya altaneta gaba ɗaya ba. Bel da ya saki ko ya yi santsi yana zamewa, za ka ji yana ƙara da safe ko idan an kunna esi. Kan batir da ya yi farin gari ko kore yana tare wuta. A wanke shi da ruwan ɗumi da hodar soda (baking soda), a goge, a ɗaure tamau. Wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji ma takan yi tsatsa. A auna tsakanin babban noti na bayan altaneta da kan batir mai alamar tarawa, fitilu a kunne: idan bambancin ya wuce rabin volt, laifin waya ne ko fiyus. A tsofaffin motoci, ƙwan fitilar batir na dashbod idan ya ƙone yana iya hana altaneta fara caji, don haka a duba ko yana kamawa idan an murɗa makulli, ya ɗauke idan inji ya tashi. A ciki kuma, abin da ya fi cinyewa shi ne buroshin gawayi guda biyu da ragileta, kuma ana sauya su a bar sauran.

Caji da ya wuce kima ma haɗari ne, kuma 'yar Beljiyam ta bogi takan jawo shi. Idan mita ta haura 15 ta tsaya, ragileta ta lalace: ruwan batir zai tafasa, ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batir ya kumbura, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa. Daga nan sai a ce batir ne, a sayar maka da wani, wata biyu shi ma ya bi sahu. Idan kuma batir yana ƙarewa cikin dare alhali caji daidai ne, a auna wutar da mota ke sha bayan an kashe ta an rufe ƙofofi an jira ta yi lamo. Fiye da miliyam 50 yana nufin wani abu na zuƙa, ko dayod da ya fashe ko rediyo da na'urar tsaro da aka jona ba daidai ba.

Idan ta tabbata sai an sauya, ka yi wa taka alama da ƙusa tun tana jikin inji, ka tsaya a kwance ta a gabanka, kuma ka tafi da ita gida. Ka duba lambar amfiya da ke jikin wadda aka kawo ta yi daidai da taka, soket ɗinta ya shiga ba tare da an yanka waya ba, domin yanka waya a motar da kwamfuta ke sarrafa cajinta yana barin fitilar batir a kunne ko caji ya rikice. A maimaita gwajin fitila da esi a kan sabuwar kana kallon mita, a rubuta maka rasit mai kwanan wata da garanti, sannan ka ciro kuɗi.