Ɗakin gwajin da muka kai ɓargon Yaya a Birnin Kebbi

Duk mai neman inda zai kai tsoka ko ɓargon ƙashi a duba a Birnin Kebbi, zan iya tura shi wannan ɗakin gwajin mai zaman kansa, amma ya tanadi kuɗi, ya kuma shirya bibiya da ƙafarsa.

Yayata ce ke fama da sankarar mama. Bayan tiyata jininta ya yi ta sauka, ga ciwon baya da ke hana ta barci, sai likitanta ya ce a ɗebo ɓargo daga bayan ƙashin ƙugu. Ni na kai ’yar kwalbar. Ma’aikacin da ya karɓa bai yi garajen rubuta rasit ba. Ya ɗaga ta sama ya tabbatar ruwan fomalin, mai hana ruɓewa, ya rufe ɗan ƙashin da aka ciro da ɓargon, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ciro shi. Nan ya fara burge ni.

Na ce, “Malam, me za ku nema a ciki?”

Ya ce, “Hajiya, saitokeratin.” Ya ɗauki biro ya zana mini a bayan takarda. Wani furotin ne mai zare-zare da ke riƙe da ƙwayar halitta daga ciki, kamar yadda azara ke riƙe da rufin soro. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin nono suna da shi, amma ƙwayoyin da ke haifar da jini a ɓargo ba su da shi. To idan aka zuba rinin da ke kama shi, aka ga wasu ƙwayoyi sun yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita, baƙi ne suka shigo, wato alamar sankarar ta kai ɓargo. Daga nan ake ƙara rinin da ke kama wasu furotin, CK7 da GATA3, don a gane ko daga mama suka taso, a sake duba ER da HER2, wasu alamomi da ake nema a ƙwayoyin sankarar mama, domin wani lokaci su kan bambanta da na ƙullin farko da ke mama, kuma da su ake zaɓen magani. Tun da muka fara zaryar asibiti ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayanin.

Inda suka ɓata mini rai shi ne sakamako. Ashe ba a nan ake rinin ba, aikawa suke yi wani gari, kuma ba su faɗa ba sai da na matsa. Na yarda sai an tausasa ƙashi kafin a yanka shi, kuma ruwan asid mai saurin aiki yana iya lalata alamomin da ake nema, don haka jinkiri ba laifi ba ne. Laifin shi ne kullum “ki dawo jibi”, ga wayarsu ba a ɗauka, Yaya kuwa tana kwance tana tambaya.

Sakamakon ya fito a buge tsaf, da sa hannun likitan da ya duba. Idan kun je, ku ce tun ranar farko a dawo muku da dunƙulen kakin da aka daskarar da ƙashin a ciki, don likitocin sankara na iya neman sa in an tura ku Sakkwato. Namu sai da na koma na tambaya kafin su ba ni.