Kaktus aka ce min, ashe 'yar uwar ƙerana na ajiye a falo

A gidan wata abokiyar aikina da ke Gesse na fara ganin fulawar nan, tsaye ƙyam a kusurwar falo ta kusa kai min kafaɗa, jikinta mai kusurwa uku, ga ƙananan ganye jere tsakanin ƙayoyi. Tun ranar ta shiga raina. Da albashin Nuwamba ya shigo sai na tsaya wajen masu fulawar bakin titin nan na Birnin Kebbi, kun dai san su, kun kuma san yadda suke tsuga kuɗi in suka ga mace da jaka a hannu. Yaron da ke sayarwa ya ce, "Hajiya, wannan kaktus ce, daga waje ake kawo ta. Ba ta mutuwa. Ki dai riƙa ba ta ruwa safe da yamma." Na biya, ko ragin kirki bai yi min ba, ya ɗora min ita a Keke.

In don kyau ne da juriya, ba ni da abin cewa. Hunturu ya zo ya busar da sauran shuke-shuken da na saya, ita ko a jikinta, sai dai in goge mata ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga rashin wuta, mu muna narkewa ita tana ƙara tsawo. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tambayi inda na samo ta. Mutum biyu ma ni na tura su wajen yaron nan, abin da har yanzu yake damuna ke nan.

Wata Asabar da hantsi ina kicin, autana ɗan shekara 3 yana tura motarsa a falo. Motar ta shige bayan tukunyar, ya miƙa hannu zai ciro, ya kama wani ƙaramin reshe ya ɓalle. Ban ji komai ba a lokacin, don bai yi kuka nan take ba. Can sai ga shi ya shigo yana murza ido da bayan hannu yana cewa, "Umma, yaji." Na ɗauka tattasai ya taɓa. Kafin in wanke hannuna ihu ya canja, irin ihun da uwa take ji har cikin hanjinta. Idon dama ya kaɗa ya yi jawur, fatar ta fara kumbura, hawaye na zuba amma ya ƙi buɗewa. Na leƙa falo, sai ga reshen a ƙasa, wajen da ya karye yana ɗigar da wani farin ruwa mai kauri kamar nono, ɗis, ɗis, a kan tayil. Hannunsa duk ya yi danƙo da shi.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wannan ta ce a samo mai shayarwa ta ɗiga masa nono, waccan ta ce ruwan sukari, wata ma kwalli ta ambata. Allah ya taimake ni surukata ta zo mana daga ƙauye a makon. Kallo ɗaya Inna ta yi wa tukunyar ta ce, "Wagga ai ƙerana ta! Wa yac ce ki kawo ƙerana cikin ɗaki?" Ba ta saurari kowa ba, ta fizge yaron ta kwantar a cinyarta, ta karkata kansa yadda ruwan ba zai gangara ɗaya idon ba, ta ce in riƙe masa hannuwa. Buta bayan buta take tsiyaya masa, yana shure-shure tana buɗe fatar idon da yatsa. Ni kuwa kuka nake taya shi. Sai da muka ƙarar da ruwan jarka guda kafin babansa ya iso muka wuce asibiti.

Can ma wankin suka sake yi da ruwan leda irin wanda ake ƙara wa marasa lafiya, sannan likitar ta ɗiga wani abu mai launin rawaya ta haska da shuɗiyar fitila, ta ce saman ƙwayar idon ya ɗan ƙone. Ta tambayi wanda ya fara wanke masa, ta ce ya kyauta ƙwarai. A irin wannan, in ji ta, ruwa mai tsabta kawai ake so, a yi ta zubawa kamar minti 20 ko fiye, kada a murza, kada a ɗiga komai, sannan a taho asibiti ko da an ga kamar ya lafa, domin zafin nonon nan ƙaruwa yake yi bayan wasu awoyi. Haka kuwa aka yi. Daren nan ba wanda ya runtsa. Haske ma bai so, sai da muka rufe tagogi. Kwana 5 muna ɗiga magani kafin ya buɗe idon sosai, alhamdu lillahi ya warke sumul. Ni ma bayan hannuna da nonon ya taɓa sai da ya yi ja ya tashi ƙuraje.

Da hankalina ya dawo ne na ɗauki hotonta na shiga bincike a waya. Ba kaktus ba ce sam. Sunanta Euphorbia trigona, kuma 'yar Afirka ce, shi kuwa kaktus na ainihi asalinsa ƙasashen Amurka ne. Danginta suna da yawa, sun kai kusan iri 2,000, kuma wasunsu a gabanmu muka tashi: aguwa da ake shingen gona da ita a nan yankinmu, da ƙerana, da tinya wadda a da maharba suke haɗa dafin kibiya da nononta, har da ɗan ciyawar nan nonon kurciya. Wato Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin da zan tsinta a bakin gonar kakana shi na sayo da kuɗina don an saka shi a tukunya mai fenti. Gane ta ma ba wuya: ƙayarta bibbiyu take fitowa a kan kusurwa kamar ƙahon sa, kuma in ka ɗan soke ta da allura farin nono zai fito. Ko yaron goye a garin nan an gargaɗe shi kan nonon tumfafiya da ido. Da an ce min wannan ma haka take, da ban ajiye ta a inda hannun yaro zai kai ba.

Na koma wajen mai fulawar, ba don kuɗi ba, don ya riƙa faɗa wa mutane. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, ai ba ci ake yi ba." Ina tsaye sai na lura yana yankan rassan irinta zai dasa, ya ɗaura baƙar leda a hannu har wuyan hannu, yana kuma kau da fuska gefe duk lokacin da wuƙar za ta shiga. Ashe ya sani. Wannan ledar ta fi maganarsa ɓata min rai.

Nan ne ma na tuna ba wannan ce cutar farko da ya yi min ba. Ruwan safe da yamma da ya ce, sati uku da fara shi gindin reshe ɗaya ya yi baƙi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen kabewa. Da na juye tukunyar sai na tarar ko huda ɗaya babu a ƙasanta, cike take da baƙar ƙasa da kashin shanu, ta yi caɓal. Abokiyar aikin nan tawa ce ta cece ta. Ta sa na yanke ruɓaɓɓen, na sayi tukunyar ƙasa mai huda, na haɗa yashi mai tsakuwa da 'yar ƙasa da dakakken gawayi. Yanzu sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙamas nake zuba ruwa, da zafi kamar duk kwana 10, da hunturu kuwa har sati uku ina ƙyale ta. Ranar da na yi yankan nan da hannu tsirara na yi shi, Allah ne kawai ya tsare. Kuma tana son haske, in aka kai ta lungu sai sabon toho ya fito siriri yana karkata wajen taga. Saiwarta ba ta da zurfi, kanta kuma nauyi, don haka in ta yi tsawo ƙaramin turi ke kayar da ita.

Baban yara ya ce a jefar. Na ɗauko ta har bakin ƙofa, sai na tuna yaran unguwa da ke tonon bola da awakin maƙwabta, na fasa. Kuma in faɗi gaskiya, tausayinta ya kama ni, ita ba ta yi min ƙarya ba. Ga gidan da babu ƙananan yara, ko ofis, ban ga fulawar da ta fi ta sauƙin riƙo a zafin Kebbi ba. Amma duk sanda na tuna daren nan sai in ji ko kyauta aka ba ni ba zan sake karɓa ba, kuma waɗancan biyun da na tura na kira su ɗaya bayan ɗaya na ba su labari.

Yanzu tana baranda a kan wani dogon teburin ƙarfe, na ɗaure ta da igiya a jikin ƙarfen taga. Reshen da ya ɓalle na jefa shi bayan tukunya na manta, bayan sati guda bakinsa ya bushe, na soka shi a yashi don gwaji, ga shi ya kama har ya fitar da ganye huɗu. Autana in zai wuce wajen sai ya rufe idonsa na dama da tafin hannu ya bi ta jikin bango. Inna kuwa duk wayar da za mu yi, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Ƙeranar nan tana nan?"