Zanen jikin Polinesiya: abin da za ka zaɓa a ƙaramin shago, da abin da za ka guda

Mai kallon kokawar Amurka ya san zanen da ke kafaɗar Dwayne Johnson, baƙaƙen layukan nan masu tsini a jere. Na mutanen tsibiran Polinesiya ne, su Samowa da Tahiti da Tonga da Hawai. Ƙananan shagunan da ke yin irin wannan zane sukan huda kunne da hanci ma, kuma da ka shiga za a jera maka zaɓi, kowane da kuɗinsa.

Na asali shi ne tatau na Samowa. Gwanin, wanda suke kira tufuga, yana aiki da wani abu mai haƙora da a da ake sassaƙawa daga hauren alade, ya ɗora a fata yana bugawa da sanda, mataimakansa na jan fatar suna share jini. Na maza, pe'a, daga ƙugu yake sauka har gwiwa, na mata kuma malu sunansa. Sana'ar gado ce, gidan Sulu'ape na cikin sanannu, kuma wanda ya fara pe'a ya kasa ƙarasawa ya ja wa danginsa abin kunya. Na fuskar 'yan ƙabilar Maori a Niyu Zilan kuwa asalin mutum yake nunawa, kamar tsagar gado a wurinmu, shi ya sa baƙo ake yi masa kirituhi, mai kama amma babu tarihin gida a ciki. Aiki ne mai daraja, sai dai ba ya goguwa, kuma Musulmi ya san hukuncin malamai a kan zane na dindindin. Na inji ya fi sauri, amma shi ma ba ya goguwa.

Ni jagua nake zaɓa, ba na ɓoyewa. Ruwan ɗanyen 'ya'yan wata bishiya ce ta dajin Amazon, ana haɗa shi da kauri a matsa ta kwarkwaro kamar ƙunshi. A bar shi kamar awa 2 a wanke. Da farko za ka ga toka-toka har ka ɗauka an cuce ka, amma kafin kwana 2 ya zama baƙi mai ratsin shuɗi, har mai kallo ya rantse allura ce ta yi. Siraran layukan nan na Polinesiya suna fita tsaf. Ya kai mako 1 zuwa 2 ya tafi da kansa, babu jini babu tabo. Yana son sanyi, don haka in ka ga an ciro shi daga firji alama ce mai kyau. Jan lalle ba ya ba da baƙin da zanen ke so, sitika kuma a bar wa yara.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne baƙin lalle, irin dayis ɗin nan. Babu lallen da Allah ya yi baƙi. Sinadarin rinin gashi ne, PPD, ake zubawa, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta yarda a shafa a fata ba. An taɓa yi min da shi a wani shago da sunan jagua. Bayan 'yan kwanaki zanen ya tashi ya yi bororo, layi bayan layi, ƙaiƙayi ya hana ni barci, da ya warke kuma sai ya bar farin sawu daidai surar zanen. Abin haushin, jikin da ya taɓa ƙin PPD ya ƙi shi ke nan har abada, rinin gashi ma sai ya kumbura maka kai.

Gane shi ba wuya. In ya yi baƙi ƙirin cikin rabin awa, ba jagua ba ne. In yana warin rini, ba jagua ba ne. In mai shago ya ce "haɗinmu ne na musamman" ya ƙi nuna maka kwalbar, ɗauki takalminka. Wasu ma sukan haɗa jagua na gaskiya da rinin don ya yi saurin kamawa. Ka sa a ɗiga maka kaɗan a cikin damtse ka koma gida, domin ko na gaskiyar akwai jikin da ba ya karɓa, kuma illar dayis takan kai mako 2 kafin ta bayyana.

Huda kuwa, allura sabuwa da aka yage ledarta a gabanka. Bindigar huda ba ta dafuwa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, a guringuntsi kuma murƙushewa take yi. Ɗan kunnen farko ya zama na taitaniyom ko zinare mai karat 14 zuwa sama, ban da mai ruwan gwal, wanda nikel ɗin cikinsa ke sa kunne ruwa. Fatar kunne takan warke cikin mako 6 zuwa 8, guringuntsi sai an yi watanni.